Tuwon da 'Yan Golmo Suka Rage

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. Ya sauko da wuri, kowa ya ruga ya zuba iri, sai ya ɗauke cak kamar wanda aka ɓata wa rai. Dawar da na shuka a bayan gida ta naɗe ganye, in rana ta take ka tsaya kusa da ita har wani ƙauri-ƙauri kake ji. Duk wanda ka gaisa da shi a Zuru sai ya ɗaga kai ya dubi sama kafin ya amsa. Ni kuwa ranar da ƙaurin nan ya fara bugun hancina sai na ji cikina ya yi ƙugi, alhali ban daɗe da tashi daga kan kwanon ɗumame ba. Na san ƙaurin nan. Na san shi tun ina 'yar shekara goma sha uku a Dabai.

Amma in faɗi gaskiya, ba farin ne ya hana ni sakat a daminar nan ba. Littafi ne, littafin da ko fitowa bai yi ba.

Autata Hannatu tana aji biyar a sakandare. Ita da ƙawayenta suna da wani zaure a waya inda ba abin da suke yi sai dakon littattafan matasa da aka ce za su fito kafin Kirsimeti. Yau a turo bangon wannan, gobe a turo ɗanɗanon wancan. Akwai na 'yan matan da suka kafa ƙungiyar ƙwallo a ɓoye, akwai na wani yaro da ya ɓace a tashar mota, akwai na aljanun makarantar kwana. Su yi ta musu a kan wanda zai fi daɗi, alhali ba wadda ta karanta ko ɗaya. Ni malamar Hausa ce, na tsufa ina roƙon yara su buɗe littafi, ai kamata ya yi in yi guɗa. To ina yi, a fatar baki. Cikina kuwa ƙuna yake yi, don ni ma ina da nawa. Tun Hannatu tana goye nake rubuta shi. Yana da farko mai kyau, yana da tsakiya har ta yi yawa, ƙarshe ne dai babu. Duk hutun makaranta sai in ciro shi in ce wannan karon sai na ga bayansa, in ƙara masa babi biyu, in mayar cikin jaka.

Ran nan ina tsintar wake a tsakar gida ta zo ta cusa mini waya a fuska.

"Mama, kalli wannan! Shi ne wanda na fi jira. Wai marubuciyar 'yar Dabai ce ma, a Kaduna take zaune. Kin san ta?"

Na karɓa na nisanta da idona don in gani da kyau. 'Yan mata biyu ne a gindin ɗorawa, da ƙwarya rufe da faifai a tsakaninsu, ga duwatsu a baya. A ƙasa an rubuta sunan Saratu da manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya.

"Na san ta," na ce.

"Kai Mama! Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

Na miƙa mata wayarta na ci gaba da tsintar wakena, ina zubar da mai kyau ina barin tsakuwa. Ɗorawar nan ta bakin gonarmu ce. Ƙwaryar nan na san nauyinta. Yarinyar da ke hagu, mai ƙashin wuya a waje, ni ce. Labarin da na kwashe shekaru ina jan ƙafa a kansa, ga shi wata ta riga ni, kuma 'yar cikina ce a kan gaba wajen jiransa.

Shekarar da nake faɗa, ina 'yar sha uku a Dabai, Baba bai daɗe da rasuwa ba. Gidan ya rage daga Inna sai yayana Bawa sai ni. Ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya, muka shuka, dawa ta tsiro har ta kai tsawon tafin hannu. Daga nan sama ta bushe. Hadari ya haɗo ta bayan dutse baƙi ƙirin, mu fito da tukwane, iska ta zo ta kwashe shi ta yi Wasagu da shi. Ƙasa ta dare, shuka ta kwanta kamar tsumma. Ranar Lahadi a coci addu'ar ruwa ake yi tun daga farko har ƙarshe, mu fito mu tarar da rana tana nan inda muka bar ta. Da ruwan ya ga dama ya dawo, dole aka sake shuka, irin da aka tanada kuwa ya riga ya tafi a ta farko. Inna ta sa Yaya Bawa ya shiga rumbu ya share ƙasansa da tsintsiya. Abin da za mu ci har kaka, shi muka tona rami muka binne. Ina zuba ƙwayar a rami ina haɗiyar yawu.

Daga nan rayuwa ta koma kan ganye. Da asuba Inna ta dama garin ɗorawa a ruwa mu sha, ya riƙe mu zuwa hantsi, sannan ya bar mu da tashin zuciya. In an kwana da iska sai in riga awaki zuwa gindin kaɗanya in tsinci wadda ta faɗo. Da yamma tafasa ce ko rama, a dafa a matse, ba ƙuli ba mai, gishiri ma sai an lallaɓa. Tafasa tana da wani wari da har yau in na ji shi a gidan wani sai in nemi hanyar fita. Yanzu Hannatu takan shigo daga makaranta ta ce yunwa za ta kashe ta, ta leƙa shagon da ke bakin layi ta dawo da taliyar leda, kafin in cire takalmi har ta wanke tukunya. Ba na ce mata komai. Ni Inna ɗaure ciki da ɗankwali ta koya mini, ta ce in aka matse shi yana rage surutu. Ciyawa kuwa ba ruwanta da yunwar kowa, da ruwa ya dawo ta taso ta fi dawar tsawo, kuma mu biyu ne a kanta da fartanya, ni da Inna.

Mu biyu, don Yaya Bawa yana golmo. Wanda bai tashi a cikinmu Lelna, ƙabilar ƙasar Zuru, ba sai an yi masa bayani. A wurinmu saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Shi da tsararrakinsa za su haɗu su riƙa yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan, har shekarun su cika. A nan ake gane namiji. A jera su kowa da kunyar da zai ja, mai ganga yana bin su a baya, wanda ya riga kai ƙarshe a yi masa kirari, wanda ya sare a sa shi a waƙa, waƙar kuma ta bi shi har tsufa. Ba a fashi don gonar gidanku ta yi ciyawa. Ba a cewa an gaji. Yaya Bawa saura masa kaɗan ya gama, kuma shi ne na gaba a layinsu, in ya kafa garma ƙasa har tsalle take yi.

Yarinyar da yake yi wa aikin Talatu ce, 'yar Baba Saje, tsohon soja da ya yi ritaya ya dawo gida da iyalinsa. Gonarsa ta tashi daga gindin dutse har bakin rafi, rumbunansa kuma ko a wannan shekarar ba a ga ƙasansu ba. Da yake sake shuka ya ninka aiki, 'yan golmo sun fi daɗewa a gonarsa a kan ta kowa. Gidan yarinya ne ke ciyar da su da rana. Talatu ba ta zuwa gaban samarin, don haka ƙwaryar da Yaya Bawa da abokansa uku ke ci, ƙanwarta ce ke ɗauka. Ƙanwar ita ce Saratu.

Sa'ata ce, amma in ka gan mu ba za ka ce shekararmu ɗaya ba. A bariki aka haife ta. Tana da takalmin roba mai maɗauri, ƙafafunta suna sheƙi da man shafawa, kumatunta kamar an hura. Yarenmu ba ta ji sai gaisuwa, Hausa take yi da ɗan Turanci. An ce a gidansu kowane yaro da farantinsa da cokalinsa. Tun kafin ta yi mini magana na tsane ta, kuma na so a ce ni ce ita.

Akwai gajeriyar hanya ta bakin rafi zuwa gonarsu. Ranar farko tsoron wani maciji da aka ce an gani a can ne ya sa ta zagayo ta gefen gonarmu. Ina duƙe ina noma ina surutu ni kaɗai, don na gano in bakina yana motsi cikina yana ɗan mantawa. Labari nake ba kaina, na wata yarinya da garinsu ya bushe, ta ɗauki gora ta hau dutse neman inda aka ɗaure ruwan sama.

"Ke, da wa kike magana?"

Na ɗago. Tana tsaye a inuwar ɗorawa da ƙwarya a ka. Ƙamshin ya riga muryarta isowa: tuwon dawa mai zafi, miyar kuka da daddawa, har da man shanu. Sai da na dafa fartanya.

"Labari nake yi."

"Yi da Hausa in ji."

Ta sauke ƙwaryar ta zauna. Na juya labarin zuwa Hausa, ina noma ina ba ta, ina shaƙar ƙamshi. Da yarinyar ta isa bakin wani kogo sai na yi shiru, don numfashina ya ƙare.

"Sai me ya faru?"

"Je ki kai musu abinci kada ya huce."

"In na dawo za ki ƙarasa?"

"In kin biyo ta nan."

Ta biyo. Ta dire ƙwaryar a gabana kamar ba komai ba ta ce, "Sun ma rage. Kina ci?"

Na ɗaga faifan. Gefe uku an suɗe su tas, har ƙwaryar tana ƙyalli. Gefe ɗaya kuwa tuwo ne a tsaye, an ɗan gutsuri bakinsa kawai, an bar sauran da miyarsa. Na kira Inna daga ɗaya bakin gonar. Ta zo ta duba, ta daɗe tana dubawa. Ta juya ƙwaryar, ta sake juyawa. Sannan ta ce da ni da yarenmu, "Ci." Ta yi loma biyu ta koma bakin aikinta, ba ta ƙara kallon kowa ba.

Duk wanda ya tashi yana cin ƙwarya ɗaya da 'yan'uwansa ya san abin da muka gani. Kowa gabansa yake ci, ba mai tsallakawa gaban wani ko yunwa za ta kashe shi. In mutane suka ƙoshi, ragowar a warwatse take, nan kaɗan can kaɗan. In ka ga gefe guda a tsaye, to mutum ɗaya ne ya janye hannunsa. Ƙarti huɗu da suka wuni suna ɗaga garma a shekarar yunwa, wa zai janye hannu in ba wanda ya ji cewa ƙwaryar ta gefen gonar uwarsa za ta koma ba? Saratu ce ta faɗa musu da bakinta tun tana sauke kaya, wai ta yi ƙawa mai ba da labari a gindin ɗorawa, can za ta sake bi. Ita mai faranti da cokali ba ta ga komai a cikin ƙwaryar ba sai ragowa.

Da yamma Yaya ya dawo ya jingine garma, ya wanke ƙafa. Inna ta jira har na shiga ɗaki, amma ina jin su.

"Bawa, da me za ka ɗaga garmar nan?"

"Inna, tuwon gidan Saje ne gishiri yake yi wa yawa. Ba na iya cinye shi."

"Bawa."

"Allah kuwa, Inna. Mutanen bariki ba su iya miya ba."

Ba a sake tayar da maganar ba.

Tun daga ranar na san aikina. Macijin rafi tuni aka manta da shi, abin da ke kawo Saratu ta doguwar hanya labarina ne kaɗai. Ranar da ya ƙare, ranar ƙwarya za ta koma bin rafi. Saboda haka yarinyar nan tawa ba ta taɓa isa ba. In ta hau dutse ta kai ƙololuwa sai ta hango wani a gaba. In ta sami tsohuwar da ta san hanya, sai tsohuwar ta ce sai an ciro mata allurarta da ta faɗa rijiya. Na haɗa ta da kura, na raba su, na sake haɗa su. Ina noma ina ƙirƙira, jiri yana ɗibata, idona a kan faifai.

"Haba Lami," Saratu takan ce tana buga ƙafa, "wai yaushe za ta kwance ruwan nan ne?"

"Ta kusa."

"Kullum ta kusa!"

Ranakun da 'yan golmo suka koma gonar wani surukin, ba Saratu ba ƙwarya, sai tafasa. A irin ranakun nakan zauna a kan kunya in yi ta tsara masifar da zan jefa yarinyar a ciki in an dawo. Ɗalibaina sukan tambaye ni a ina na koyi ba da labari. A nan ne. Na koyi farawa, na koyi ja, ƙarewa ce ban koya ba, don a lokacin in labari ya ƙare da yunwa zan kwana.

Sai marka ta kama. Wanda bai yi yunwa a cikin marka ba bai san yunwa ba. Yayyafi ba ƙaƙƙautawa, sama ta sauko ta zauna a kan duwatsu, itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, ɗaki ya cika da hayaƙi da warin danshi. Zani ɗaya gare ni, a jikina yake jiƙewa a jikina yake bushewa. Sanyi ya shiga ƙashi, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsattsage. Lokacin huɗa ne kuma, aikin da ya fi kowanne nauyi, ƙasa ta sha ruwa ta kama garma kamar ba za ta saki ba. Na lura wuyan Yaya ya yi tsawo. Igiyar wandonsa sai da ya ƙara mata ƙulli. Gefensa na ƙwarya kuwa kullum yana nan a tsaye, ni kuma kullum ina ci.

Ranar da abin ya faru ba na wurin, Saratu ce ta zo da gudu ba ƙwarya. An jera ana huɗa, ganga tana tashi, Baba Saje yana tsaye da laimarsa a bakin gona. Yaya Bawa yana gaba kamar kullum. A tsakiyar gona sai ya tsaya, ya yi tangaɗi, ya kife da fuska a cikin laka. Sai da aka cicciɓe shi zuwa gindin itace.

"Wai me ya same shi?" Saratu ta tambaye ni, idonta fal hawaye. "Mutumin da kullum sai ya ƙoshi har ya rage."

Na dube ta. Da ina da ƙarfi a ranar, da na mare ta.

Abokan cinsa uku sun sani, amma ba wanda ya buɗe baki, don in suka yi magana abin ya fi muni: a ce gidan su Bawa ragowar gidan surukai suke ci. Sauran samarin kuwa kafin mako ya zagayo sun yi waƙa. Ba zan maimaita ta ba. Yara suna yin ta a hanyar rafi, mata suna yin ta a bakin turmi. Baba Saje bai kore shi ba, cewa kawai ya yi a gaban mutane, wanda garma ta kayar ina zai iya da gida. Yaya bai koma golmo ba. Kafin dawa ta fitar da kai ya bi mota ya tafi wurin ɗaukar soja, duk daminun da ya yi wa Saje suka tafi a banza. Talatu ta auri wani daga Dirin Daji.

Abin haushi, kakar ta yi kyau. Shuka ta biyu ta yi zangarniya har tana rinjayar kara. Ranar da Inna ta tuƙa sabon tuwo na ci har na yi amai, na kurkure baki na koma na ci. Saratu aka kai ta makarantar kwana, muka rabu yarinyata tana tsaye a kan dutse na ban san ko nawa ba, da gorarta a hannu.

To wannan ita ce daminar da nake rubutawa tun Hannatu tana goye. Ita ce kuma Saratu ta sa wa bango mai ruwan zinariya.

Bayan kwana biyu da ganin bangon nan aka turo ɗanɗanon babin farko a zauren su Hannatu. Ta zauna kusa da murhu tana karanta mini da ƙarfi, ban roƙe ta ba. Na so a ce rubutun bai yi daɗi ba. Na kasa kunne ina neman inda za ta yi tuntuɓe, yadda nake bin takardun jarrabawa da jan biro. Wallahi matar nan ta iya. Ta kawo ƙaurin dawa, ta kawo inuwar ɗorawa, har takalminta na roba ta yi wa dariya. Ta kawo ni, ta ce bakina ya fi rediyo. Duk layin da ya yi daɗi sai in ji kamar an tsikara mini allura. Sai Hannatu ta zo wani wuri:

"'Yan golmo suka kewaye ƙwarya. Suka ci, suka ci, suna santi, har suka ƙoshi suka rage. Da yake Allah ya sa mata tausayi, sai ta ɗauki ragowar ta kai wa ƙawarta."

"Suka me?" na ce.

"Suka ƙoshi suka rage."

Na yi wata irin dariya da ta sa Hannatu ta ajiye wayar. "Suka ƙoshi! A shekarar? Tabɗi! Ashe har yau Saratu ba ta san abin da ta ɗauko a kanta ba."

Na zaunar da ita na ba ta labarin ƙwarya, gefe uku da gefe ɗaya. Ban taɓa ba ta ba. Tuwo ya kama a tukunya ba wadda ta kula. Da na gama ta share ido da gefen ɗankwali ta ce, "Kawu Bawa? Kawun da ke ba mu rake?" Sannan ta ce, "Mama, wannan ai ya fi nata."

Kai, daɗin da na ji! Ba daɗin kirki ba ne, na sani, amma na ji shi har tafin ƙafa. Ga abin da nake da shi wanda Saratu ba ta da shi, kuma ba za ta samu ba ko za ta shekara tana rubutu. Ga ƙarshen da na rasa. Ashe ba a kan dutse yake ba wurin yarinyar gora, yana cikin laka wurin Yaya. Na ciro jakata. Duk makon ina dawowa daga makaranta sai in zauna a gindin mangwaro in yi ta rubutu har hannuna ya ƙage. Ina rubutu ina hango nawa bangon a zauren su Hannatu, ina hango Saratu a Kaduna tana karantawa tana riƙe baki. Abu ɗaya ya rage mini, in ji daga bakin mai shi: me ya ji a daidai lokacin da ƙafarsa ta saki.

Ranar Asabar muka hau kabu-kabu ni da Hannatu muka tafi Dabai. A hanya gonaki duk sun yi yaushi, mutane a tsaye a bakinsu hannu a ƙugu. Muka tarar da Yaya Bawa zaune a ƙofar gida yana sa wa fartanya ƙota. Ya yi aikin sojansa ya gama, ya yi aure a makare, yanzu ga jikoki, ido kuma ya fara yi masa hazo. Muka gaisa, ya tambayi ruwan Zuru, na tambayi na Dabai, duk amsar ɗaya ce. Sannan na ciro takarduna na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da buga ƙotar a kan dutse.

"Wa ya ce miki yunwa ce ta kayar da ni?"

"Haba Yaya. Ni fa na ci tuwon."

"Santsi ne. Marka ake yi."

"Yaya, Inna ta sani, na sani, abokanka sun sani."

"Inna tana ina? Abokan nawa suna ina?" Ya ajiye fartanyar. "Saura ni da ke, Lami. Waƙar ma waɗanda suka iya ta sun ƙare. Yanzu so kike ki sa a takarda, jikokina su karanta a makaranta cewa gidanmu ragowar gidan Saje ya ci? Na sha waƙa shekara da shekaru don kada a faɗi wannan. Ke kuma ki zo ki buga shi da inji?"

"Ai ba abin ɓoyo ba ne, Yaya, abin alfahari ne. Zan canza suna."

"Ki canza Dabai ma in kina so. Ban yarda ba."

Na san muryar. Da ita ya ce wa Inna gishiri ya yi yawa. Na zauna da takarduna a cinya. Ƙarshen da nake nema tun ina budurwa, ko ɗuminsa ban gama ji ba mai shi ya karɓe abinsa.

Hannatu, don ta kashe shirun, ta ce, "Kawu, ai ƙanwar Talatu ma ta rubuta littafi a kan daminar. Har da ku a ciki."

Na harare ta, amma ta riga ta faɗa.

"'Yar Saje? Mai takalmi?" Ya gyara zama. "Me ta ce?"

Ta ciro waya ta karanta masa. Ya saurara kansa a sunkuye. Da ta zo wurin ƙwarya sai na ga kafaɗarsa tana rawa, na zaci kuka ne. Dariya yake yi marar sauti.

"Miyar me ta ce?"

"Kuka, Kawu. Da man shanu."

"Haka ne. Da man shanu. Matar Saje ta iya miya, in za a faɗi gaskiya." Ya haɗiyi yawu. "Yaushe zai fito?"

"Kafin Kirsimeti."

"In ya fito a kawo mini ɗaya. Maimaita mini wurin nan, 'yar Lami."

Na yi ƙyashin Saratu a kan takalmi, na yi a kan kumatu, na yi a kan bango mai ruwan zinariya. Duk wasan yara ne in aka gwada da na wannan yammacin. Tun ina 'yar sha uku nake neman abin da zan mayar wa mutumin nan a madadin gefensa na ƙwarya, ban samu ba. Ita da ba ta san komai ba, da kuskurenta, ta zauna a Kaduna ta zuba masa tuwo ya ci. Na mayar da takarduna cikin jaka na ja zif.

Hannatu ta koma farkon wurin tana karantawa a hankali. Yaya ya jingina da bango ya lumshe ido, leɓensa yana bin nata.

"Suka ci, suka ci, suna santi, har suka ƙoshi suka rage."

Ya buɗe ido ya nemo ni da shi.

"Kin ji ko, Lami?" ya ce. "Har muka rage."